Labaran Tsibiri a Littafi, Fim da Gem: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa duk inda masu karatu, masu kallo da masu buga gem suka haɗu ana hirar labaran tsibiri. An faro da masu sauƙi, aka gangara zuwa waɗanda ake ja-in-ja a kansu. Wasu amsoshin ba sa yiwuwa sai an fasa ƙwan ƙarshen labari. Inda haka za ta faru an yi gargaɗi a farkon amsar, wanda bai kalla ba sai ya tsallake.

Duk labarin da ya faru a tsibiri shi ne labarin tsibiri?

A'a. Birtaniya tsibiri ce, Japan tsibirai ce, amma ba wanda ke kiran fim ɗin da aka yi a Landan labarin tsibiri. Abin da ake nufi shi ne labarin da ruwan da ya kewaye mutane ke yi masa aiki, wato ya tare musu hanyar fita. Ga gwaji mai sauƙi: ɗauke labarin ka kai shi garin da ke da tashar mota. In ya tsaya da ƙafarsa, tsibirin ado ne kawai. In ya rushe saboda kowa zai hau mota ya gudu, to labarin tsibiri ne na gaske.

Akwai na wanda jirgi ya kife da shi ya tsira shi kaɗai, akwai na neman dukiyar da aka binne, akwai na tarko inda ake tara mutane ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma na hutu da kwanciyar hankali, wanda ya fi yawa a gem.

Me ya sa marubuta da masu shirya gem suka ƙwallafa rai a kan tsibiri?

Saboda yana rage musu aiki. Da zarar an jefa mutum tsibiri, an raba shi da 'yan sanda da kasuwa da dangi a lokaci guda, ba sai an yi dogon bayani ba. Abin da ya rage shi ne halinsa. Mutanen labarin ba su da yawa, taswirar wurin tana shiga shafi ɗaya. Tun 1516 Thomas More ya gane haka, da ya so ya kwatanta ƙasa mai tsari irin wanda yake buri, sai ya ɗora ta a tsibiri a littafinsa Utopia, don kada maƙwabta su ɓata masa lissafi.

Amma rufe ƙofa bashi ne a kan marubuci. Wanda ya ce maka babu hanyar fita, dole a ƙarshe ya nuna maka yadda aka fita, ko dalilin da ya hana. Yawancin rigimar masu kallo a nan take, kamar yadda za a gani a amsoshin Cast Away da Lost.

Shin Robinson Crusoe ne labarin tsibiri na farko?

Shi ne ya fi suna a Turai, ya fito a 1719 daga alƙalamin Daniel Defoe, amma an riga shi da nisa. Duk wanda ya san Dare Dubu da Ɗaya ya san tafiyar Sindbad ta farko, inda fatake suka sauka a wani tsibiri suka hura wuta, ashe bayan ƙaton kifi ne, da ya ji zafi ya nutse da su.

Wanda ya fi cancanta a ambata shi ne Hayy ibn Yaƙzan na Ibn Tufail, malamin Andalus kuma likitan sarkin Muwahhidun, wanda ya rasu a Marrakesh a 1185. Labarin wani jariri ne mai suna Hayy da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi. Da barewar ta mutu sai ya tsaga ƙirjinta yana neman abin da ya fita daga jikinta har ta daina motsi. Daga wannan tambaya ya yi ta hawa, mataki-mataki, har ya kai ga sanin Mahalicci ba tare da malami ko littafi ba. Daga baya wani mai suna Absal ya zo tsibirin, suka tarar abin da ɗaya ya samu ta tunani ya yi daidai da abin da ɗayan ya samu ta wahayi. An fassara littafin zuwa Latin a 1671, zuwa Turanci a 1708, shekara 11 kafin Crusoe. Masana na saɓani kan ko Defoe ya ɗebo daga gare shi. Masu karatun da suka haɗa biyun sukan ce Crusoe ya damu da cikinsa da rumbunsa, shi kuwa Hayy da ransa ya damu. Gajeren littafi ne, mai jin Larabci zai iya gama shi a zama biyu.

Da gaske an yi Crusoe, ko ƙirƙira ce?

Ƙirƙira ce, amma akwai mutumin da ake ganin ya ba da haske. Alexander Selkirk, matuƙin jirgi ɗan Sikotland, ya yi gardama da kyaftin ɗinsa a 1704 cewa jirginsu ya ruɓe, ya ce gara a sauke shi. Aka sauke shi a ɗaya daga tsibiran Juan Fernández, yamma da ƙasar Cile. Ya yi shekara 4 da wata 4 yana farautar awaki da gudun ƙafa kafin wani jirgin Ingila ya ɗauke shi a 1709. Jirgin da ya ƙi kuwa ya nutse daga baya, don haka gardamarsa ta yi rana. Defoe ya mayar da shekara 4 zuwa 28, ya kuma ɗauke tsibirin ya kai shi kusa da bakin kogin Orinoko. A 1966 gwamnatin Cile ta sauya wa tsibirin Selkirk suna zuwa Robinson Crusoe, wato na ƙarya ya ƙwace wa na gaske gida.

Na fara Crusoe na kasa gamawa. Ni kaɗai ne?

Kuna da yawa. Ƙorafi biyu ake yi. Na farko shi ne jan ƙafa: shafi bayan shafi ana lissafin abin da ya kwaso daga jirgi, yadda ya shuka sha'ir, yadda ya yi ta gasa tukunya tana fashewa. Wasu kuwa wannan ɗin ne daɗin littafin a wurinsu, kuma galibi su ne mutanen da ke iya kwana suna sare itace da gina bukka a gem. Wurin da kowa ya yarda ya yi kyau shi ne ranar da ya ga sawun ƙafa guda ɗaya a kan rairayi bayan shekaru shi kaɗai, maimakon murna sai tsoro ya kama shi ya ruga ya ɓuya.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma taƙaitattun bugun da ake ba yara sukan share shi. Crusoe mai gonar rake ne a Birazil, tafiyar da jirgi ya kife da shi kuwa tafiyar sayo bayi ce daga gaɓar Gini. Kafin nan shi kansa ya yi bauta a garin Sale na Maroko, ya gudu tare da wani yaro mai suna Xury, amma da suka tsira sai ya sayar da yaron ga wani kyaftin ɗan Fotugal. Mutumin da ya ceta a tsibiri bai tambaye shi sunansa ba, ya raɗa masa Friday don ranar Juma'a ce, ya kuma koya masa ya riƙa kiransa ubangida. Mai karatu ɗan Afirka ba ya wuce waɗannan wurare da ido rufe. A ganina a karanta cikakken, don taƙaitaccen yana wanke mutumin fiye da yadda Defoe kansa ya wanke shi. Duba amsar da ta yi magana kan mutanen tsibiri.

Treasure Island ba littafin yara ba ne? Me manya ke gani a ciki?

Akwai fasa ƙwai. Don yara aka rubuta shi. Robert Louis Stevenson ya faro shi ne daga wata taswira da suka zana da agolansa a 1881, aka riƙa buga shi kashi-kashi a mujallar yara, ya fito littafi a 1883. Kusan duk abin da ake danganta wa 'yan fashin teku a yau, taswira mai alamar X da aku a kafaɗa, daga nan ya bazu.

Abin da ke dawo da manya shi ne Long John Silver, kukun jirgi mai ƙafa ɗaya da sandar dogarawa. Yana da fara'a, yana son yaron nan Jim Hawkins, kuma zai iya kashe mutum ya goge wuƙa a ciyawa ya ci gaba da hira. Ba a san ɓangaren da yake ba sai ya ga inda riba ta karkata. A ƙarshe ma ba a hukunta shi ba, ya sulale da jakar kuɗi. Masu son a ga mugu ya girbi abin da ya shuka ba sa jin daɗin haka. Abin da ake yawan kuka da shi shi ne kalmomin jirgin ruwa masu wahala, da kuma rashin mata, don in ka cire uwar Jim babu wata mace ta a zo a gani.

Lord of the Flies: da gaske yara za su koma kashe juna in aka bar su su kaɗai?

Akwai fasa ƙwai. Wannan tambaya ta fi kowacce tayar da ƙura, musamman ga waɗanda suka karanta littafin don jarrabawar adabi ta WAEC. William Golding ya fitar da shi a 1954. Malamin makaranta ne da ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya rubuta shi ne a matsayin raddi ga The Coral Island na Ballantyne, tsohon littafin da yaran Ingila ke faɗawa tsibiri su yi ta nuna ladabi da jarumta. Har sunayen Ralph da Jack daga can ya aro. A nasa, yaran sun fara da zaɓe da doka, wanda ya riƙe ƙatuwar katantanwar teku shi ke da magana. Kafin a gama an kashe Simon, an kashe Piggy, ana farautar Ralph da wuta, sai ga hafsan sojan ruwa ya bayyana a bakin gaɓa.

Masu musun Golding suna da hujja mai ƙarfi. A 1965 wasu samari shida 'yan makarantar kwana a Tonga suka saci kwale-kwalen kamun kifi, guguwa ta lalata shi, suka yi kwana 8 ruwa na yawo da su har suka faɗa wani tsibiri da ba kowa mai suna Ata. Wata 15 suka yi. Sun raba aiki bibbiyu, suna addu'a da waƙa safe da yamma, in biyu suka yi faɗa sai a raba su kowa ya je ya huce. Ɗaya ya faɗo ya karye a ƙafa, suka ɗaure masa har ya warke. A Satumbar 1966 wani ɗan Ostireliya mai suna Peter Warner ya hango su daga jirginsa, alhali a gida an riga an yi musu zaman makoki. Labarin ya sake yaɗuwa a 2020 ta littafin Rutger Bregman.

Masu kare Golding sukan ce ba a kwatanta abokai shida da suka san teku da tarin yaran da ba su san juna ba. Gaskiya ne. Amma ni na fi karkata ga masu cewa Golding yaran da ya koyar da ƙasar da ya sani ya rubuta, sai aka ɗauka duk ɗan Adam yake nufi. Sai wani ƙaramin kuskure da masu kimiyya ba sa gajiya da nunawa: tabarau ɗin Piggy na mai gajeren gani ne, irinsa ba ya tara hasken rana har ya kunna wuta.

Wane labarin kisa a tsibiri aka fi yabo, kuma da gaske Indiya sun yi nasu?

Akwai fasa ƙwai. And Then There Were None na Agatha Christie, 1939, wanda aka sayar da kwafi sama da miliyan 100. Mutum goma aka yaudara zuwa wani gida a tsibiri kusa da gaɓar Devon. Bayan cin abincin dare sai faifan garmaho ya karanto laifin kisan da kowannensu ya taɓa yi ya sha. Daga nan suka fara mutuwa ɗaya-ɗaya, kuma babu kowa a tsibirin sai su. Masu karatu na yaba shi don bai yi maguɗi ba, duk alamun suna nan, kai ne ba ka lura ba. Abin da ake sukarsa da shi shi ne sunansa na asali, wanda ke ɗauke da kalmar cin mutuncin baƙar fata, shi ya sa aka sauya. Christie da kanta ta sassauta ƙarshen a wasan daɓe na 1943, ta bar mutum biyu da rai, finafinai da yawa suka bi wannan. Na BBC na 2015 ya koma ga ƙarshen littafi mai ɗaci, masu karatu suka fi son sa.

Indiya kuwa sun yi Gumnaam a 1965, da Manoj Kumar da Nanda da Pran da Helen, ga Mehmood a matsayin hadimin gida. Ƙashin bayan labarin ɗaya ne, sai dai an zuba waƙa da rawa da barkwanci, har mutum ya manta ana mutuwa. Masu kallon Indiya na baya-bayan nan sun fi tuna tsibirin Kaho Naa... Pyaar Hai na 2000, inda Hrithik Roshan da Ameesha Patel suka farka a bakin wani tsibiri. A can tsibirin wurin soyayya ne kawai, ba yunwa ba sauro, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Me ya sa mutane ke hawaye saboda ƙwallo a Cast Away?

Akwai fasa ƙwai. Fim ɗin Robert Zemeckis na 2000 ya bar Tom Hanks shi kaɗai a allo na dogon lokaci, kusan babu kiɗa, sai ƙarar igiyar ruwa. An ɗauke shi a tsibirin Monuriki na Fiji, aka dakatar da aiki kimanin shekara guda don Hanks ya rame ya tara gemu. Ƙwallon ragar da ya samu cikin kayan da ruwa ya turo, ya zana mata fuska da jinin tafinsa ya kira ta Wilson, ita ce abokiyar hirarsa shekara 4. Yana yi mata faɗa, yana ba ta haƙuri. Saboda haka ranar da ruwa ya tafi da ita, yana iyo yana kiran sunanta igiyar da ya riƙe ta ƙare, mai kallo ya riga ya saba da ita kamar mutum. Wurin da mutane ke kau da kai shi ne inda ya fasa haƙorinsa mai ciwo da ƙarfen takalmin ƙanƙara.

Saɓanin yana ga dawowa. Ya tarar budurwarsa Kelly ta yi aure har da 'ya. Wasu na cewa an zalunce shi. Wasu na cewa shekara 4 aka yi, an yi masa jana'iza, me ake so ta yi? Ni ina ganin wannan kashi ne ya ɗaga fim ɗin, musamman inda aka shirya masa liyafa da ƙaguwa da kifi, ya ɗauki abin kunna wuta yana kunnawa yana kashewa. Sai kwalin da bai taɓa buɗewa ba, wanda har yau ake tambayar abin da ke ciki.

A Lost, wai dama can duk matattu ne?

Akwai fasa ƙwai. A'a, kuma fim ɗin ya faɗa ƙarara. Lost ya gudana daga 2004 zuwa 2010, zango 6, kashi 121, an ɗauke shi a tsibirin Oahu na Hawayi. Jirgin Oceanic 815 daga Sidni zuwa Los Anjeles ya faɗi, kuma duk abin da ya faru a tsibirin ya faru suna raye. Rayuwa ta biyu da aka riƙa nunawa a zango na ƙarshe ce kaɗai ta bayan mutuwa, inda suka taru bayan kowa ya mutu a lokacinsa. Ruɗanin ya ƙaru ne saboda tashar ABC ta saka hotunan tarkacen jirgi babu kowa a lokacin da sunaye ke wucewa.

Wannan bai wanke marubutan ba. Shekara 6 suna tara tambayoyi, lambobin nan 4, 8, 15, 16, 23, 42, da baƙin hayaƙi, da yaron nan Walt, sannan suka biya da hawaye da rungume-rungume. Wanda ya bi fim ɗin don mutanen ciki ya gamsu, wanda ya bi don asirin tsibirin ya ji an ci masa bashi. Masu kallo a Najeriya suna da nasu ƙorafin daban: Mista Eko, wanda Adewale Akinnuoye-Agbaje ya fito a matsayinsa, yana cikin waɗanda aka fi so, aka kashe shi tun zango na 3. Najeriyar da aka nuna a tarihinsa kuwa ta 'yan bindiga da miyagun ƙwayoyi ce, kuma kowa na gani Hawayi ce aka yi wa kwalliya.

To Shutter Island da Life of Pi fa, su ma ƙarshensu a buɗe yake?

Akwai fasa ƙwai. A Shutter Island na Martin Scorsese, 2010, jami'in da Leonardo DiCaprio ya fito a matsayinsa majinyaci ne a asibitin mahaukatan da yake zaton bincike ya kai shi. Wannan a rufe yake. Abin da ke buɗe shi ne ko a ƙarshe ciwon ne ya dawo, ko kuwa ya warke ya zaɓi a yi masa aikin ƙwaƙwalwa don ya huta da tuna abin da ya aikata. Jimlarsa ta ƙarshe, wadda babu ita a littafin Dennis Lehane na 2003, ta karkata ga na biyu. A Life of Pi tsibirin ɗan guntu ne cikin kwana 227 a teku, amma shi ne inda masu karatu da yawa ke daina yarda da yaron: tsibiri mai shawagi da ke narkar da abin da ya kwana a kansa, har da haƙorin mutum a cikin ganye. Marubucin littafin, Yann Martel, da gangan ya sa shi. Bambancinsu da Lost shi ne waɗannan sun ba ka amsa biyu cikakku ka zaɓa.

Littafi ya fi ko fim?

Akwai fasa ƙwai. Ya danganta. Jurassic Park na Michael Crichton, 1990, ya fi fim ɗin Steven Spielberg na 1993 duhu. A littafi John Hammond, mai gandun dabbobin tsibirin, mai haɗama ne, ƙananan dabbobinsa suka cinye shi, a fim kuwa kaka ne mai fara'a da ya tsira. Duk da haka mafi yawa sun fi son fim ɗin. The Beach akasin haka ne: ana yabon littafin Alex Garland na 1996, ana kushe fim ɗin 2000 da ya mayar da jarumi ɗan Ingila Ba'amurke. Abin takaici, labarin yana gargaɗi ne kan yadda 'yan yawon buɗe ido ke lalata wuri mai kyau, sai fim ɗin ya jawo cincirindo zuwa Maya Bay a Tailan har hukuma ta rufe wurin a 2018, ba a sake buɗewa ba sai Janairun 2022.

Me ya sa PUBG da Free Fire da Fortnite duk a tsibiri ake fafatawa, kuma wanne ya fi?

Asalin abin daga Japan ne. Littafin Battle Royale na Koushun Takami, 1999, da fim ɗinsa na 2000, sun tara ɗalibai 42 a tsibiri aka ce su kashe juna sai ɗaya ya rage, ana kuma rufe wasu yankuna lokaci-lokaci don kada kowa ya laɓe. Brendan Greene ɗan Ayalan ya ɗauki wannan tsari ya gina PUBG, wanda ya fito a 2017: mutum 100, a diro daga jirgin sama da laima, taswirar Erangel mai kilomita 8 tsawo da faɗi, da'ira tana matsewa. Teku ya hutar da masu shirya gem daga gina bangon da ba a gani, don ba mai tambayar me ya sa ba zai wuce ruwa ba. Fortnite da Free Fire duk a shekarar suka biyo.

Wanne ya fi kuwa, wayarka ce za ta amsa. Free Fire mutum 50 ne, wasa kamar minti 10, yana tafiya a ƙaramar waya, bai cika shan data da caji ba, shi ya sa ya kama a wuraren da netwok ke rawa. 'Yan PUBG na yi masa kallon wasan yara, suna kuma cewa mai sayen dayamon, wato kuɗin cikin gem ɗin, yana samun fifiko saboda kowane jarumi da baiwarsa. 'Yan Free Fire na mayar da martani cewa ba su da rabin awa da za su ɓata suna rarrafe a ciyawa, wani da ba su gani ba ya harbe su daga nesa. A Fortnite gine-gine ne ya kori mutane da yawa, har kamfanin ya fito da salon da babu gini a 2022.

Akwai gem ɗin tsibiri da babu harbi?

Akwai. Animal Crossing: New Horizons ya fito ranar 20 ga Maris 2020, daidai lokacin kullen korona, aka sayar da sama da miliyan 40. Kamun kifi ne da dasa itace da ƙawata gida, agogon gem ɗin yana tafiya da na duniya. Bashin gidan da Tom Nook, ɗan kasuwar cikin gem ɗin, ke ba ka babu kuɗin ruwa babu wa'adi, amma duk da haka 'yan wasa sun mayar da shi abin zagi. Ƙorafin gaske shi ne tsibiri ɗaya tak ake samu a kowace na'urar Switch, don haka a gida mai yara da yawa wanda ya fara shi ne mai gari.

Ga masu son wasa ƙwaƙwalwa akwai Myst na 1993, tsibiri shiru babu mai gaya maka abin yi. Wasu na kiransa gwaninta, wasu sun kashe kwamfuta bayan minti 20. Na tebur kuma akwai Catan na Klaus Teuber, 1995, inda ake musayar itace da bulo da tumaki da alkama da tama. Ba ya buƙatar wuta ko data, sai dai yana haddasa gaba tsakanin 'yan uwa.

Ina mutanen tsibirin su kansu? Kullum baƙo ne jarumi?

Wannan ita ce sukar da ta fi kama jiki. A yawancin labaran nan tsibiri ko dai babu kowa, ko kuwa mazaunansa masu cin naman mutane ne, ko masu jiran baƙo ya cece su. Far Cry 3 na 2012 ya sha wannan suka: ɗan hutu Ba'amurke ya zama gwarzon ƙabilar da ta kasa kare kanta, ko da yake kowa ya yarda mugun ciki, Vaas, ya yi fice. Disney ta yi ƙoƙari a Moana na 2016, ta tuntuɓi mutanen yankin Fasifik, amma sai da ta janye rigar yara mai launin fata da zanen jikin Maui, ɗaya daga jaruman fim ɗin, bayan an yi ca a kanta.

Marubuta sun daɗe suna rama wa waɗanda aka rufe wa baki. Aimé Césaire ɗan Matinik ya sake rubuta The Tempest na Shakespeare a 1969 ta ɓangaren Caliban, ɗan ƙasar da aka ƙwace wa tsibiri aka bautar. J. M. Coetzee ya yi Foe a 1986, inda Friday ba shi da harshe, an yanke. Wanda ke son tsibiri ta idon ɗan cikinsa ya nemi littattafan Abdulrazak Gurnah ɗan Zanzibar, wanda ya ci kyautar Nobel a 2021. Mu ma ba baƙin abin ba ne: Gungawan Yawuri sun zauna a tsibiran Kwara har dam ɗin Kainji ya tashi da yawansu a 1968, ga kuma Buduma a Tafkin Cadi. A wurinsu tsibiri gida ne da gona da kasuwar kifi, ba wurin da ake jiran jirgin ceto ba.

Da wanne zan fara, wanne zan kalla da iyali, kuma ina zan samu?

Mai koyon karatun Turanci ya fara da Christie, harshenta mai sauƙi ne kuma ba ta barin ka ajiye littafi. Treasure Island ya biyo. A bar Crusoe sai an yi ƙarfi. Da yara, Swiss Family Robinson na Disney na 1960 ba shi da matsala, Moana ma haka, sai dai iyaye su san an gina shi kan tatsuniyoyin allolin mutanen Fasifik, yara za su yi tambaya. Cast Away ya dace da matasa in an jure wurin haƙori da gawar matuƙin jirgi. Battle Royale da Squid Game jini ne tsagwaronsa, The Beach akwai ƙwaya da batsa, The Blue Lagoon na 1980 kuwa sunansa da hotonsa na yaudarar iyaye, akwai tsiraici a ciki.

Crusoe da Treasure Island da The Coral Island duk sun fita daga haƙƙin mallaka, ana sauke su kyauta a Project Gutenberg, masu son saurare kuma su duba LibriVox. Na Golding da na Christie har yanzu da haƙƙinsu, sai a saya, kuma sukan faɗo a hannun masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin jami'o'i. A duba bango da kyau kafin a biya, don da yawa taƙaitattun bugu ne na 'yan makaranta.